Ja Dama, Fari Hagu

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randata mai kashe ƙishi, maigidana abin alfaharina, wanda abokansa suka laƙaba wa Mai Kunne,

Gaisuwa mai yawa, da kewar da ta fi gaisuwar yawa. Ina fatan kana cin abinci na gaske, ba shayi da burodi a tsaye ba. Ni dai gani nan a gidan Yaya, amma gangar jikin ce kawai a nan. Hankalina yana can falonmu, a bayan kantar nan da ka ƙera da hannunka, inda wayoyi suka cukuikuye da juna. Na ce maka ciwon ƙafar Yaya ne ya kawo ni. Ƙafar tana ciwo, ban yi maka ƙarya ba, sai dai ba ita kaɗai ta fito da ni ba. Zargi ne ya fito da ni, kuma yau zan zazzage maka shi tas, ko za ka yi fushi.

Ka tuna ranar da ka shigo da amfilifaya mai ƙara sauti da na'urar faifai, muna sababbin aure, falon ko labule babu? Akwatunan sifikun kai ka haɗa su a shagonka, ƙamshin katako bai ma bar jikinsu ba. Ka jona komai da 'yar siririyar wayar da ta zo a cikin kwali, muka zauna za mu ji daɗi, sai firij ta tashi, sifikun suka kama ƙugi kamar an tsokano gidan zuma. Ni ban damu ba, ina kallon fuskarka ne. Kai kuwa ka kasa zama. Washegari ka sayo wata waya mai ɗan kauri, mai araha, ka raba ta da wayar wuta, ka matse bakinta sosai, ƙugin nan ya ɗauke ɗif. Ka kama yatsana ka ɗora a kan bakunan wayar guda biyu, kana biya mini kamar mai koya wa yaro karatu: ja dama, fari hagu. Sannan ka sa faifanmu. Sarewa ta fito ta hagu, ganga ta dama, muryar mawaƙiyar a tsakiya kamar tana tsaye a kan kafet. Ka zaunar da ni a hagunka, ka ce nan ne ɓangaren zuciya, duk abin da na faɗa a wannan kunnen kai tsaye yake wucewa, ba ya biyawa ta ko'ina. Wayyo, rabin raina, wace mace ce za ta ji wannan ta sake neman wani wurin zama? Tun ranar, duk wani sirrina a kunnen nan nake zuba shi.

Saboda haka kada ka ce ban san darajar waya ba. Na ji da kunnena yadda ta banza take ɓata sauti, na ji yadda mai kyau take gyara shi, ko da ba mai tsada ba ce. Wannan ta biyun ta yi mana shekaru ba mu taɓa jin kanta ba.

To me ya faru bana? Me wayar nan ta yi maka da ka tsige ta ka jefa a durowa? Ka ce sarewa ta yi ƙasa. Ka sayo wata mai bakin ruwan zinariya, wai ba ta tsatsa. Ba a jima ba ka ce ita ma sarewar ba ta fita. Ka kawo gajeriya, wai tsawo ne yake shanye sauti a hanya. Ka kawo mai rigar saƙa. Ka kawo wata shuɗiya mai kauri da ko lanƙwasuwa ba ta yi, sai da ka janyo kantar daga bango. Yanzu idan na buɗe durowar neman almakashi sai gabana ya faɗi, kamar na buɗe ramin macizai. Kuma kowacce ka jona, sai ka durƙusa a gaban sifikar hagu, ka karkace kai, ka girgiza shi. Ni kuwa ina zaune sarewar nan tana shiga mini har ƙoƙon rai, yadda take tun farko. Na yi shiru ne don na san Mai Kunne ba a yi masa gardamar sauti.

Da abin ya tsaya a kan waya, da ban ɗauki biro ba. Amma sai na riƙa kiranka daga kicin kana share ni. Na yi maka magana muna tafiya a titi, ka amsa mini da wata daban. Sai kuma ranar nan, ranar da ta karya mini zuciya. Da safe na je asibiti ban gaya maka ba. Da la'asar ka dawo daga shago da sabuwar waya, ka yi wanka, ka sa faifanmu, na zauna a wurina. Na jira sarewa ta shigo, na matso, na kai bakina kunnenka, na raɗa maka maganar da muka daɗe muna roƙon Allah a kanta, wadda muka yi ta sintirin asibiti saboda ita har muka daina zancenta don kada mu sosa wa juna ciwo. Na faɗa, na rufe ido, ina jiran ka rungume ni, ko ka yi kuka, ko ka faɗi ƙasa ka yi sujada. Ka san abin da ka ce? Ka ɗaga yatsa ka ce, kin ji ko, ita ma wannan wayar ba ta da kirki.

Hasken gidana, da wuƙa ka ɗauko da ta fi mini sauƙi. Na tashi na shiga banɗaki na sakar wa famfo ruwa don kada ka ji kukana. Ashe ma wahalar da famfon kawai na yi.

Da na ba Yaya labari a waya, ko numfashi ba ta ja ba ta yanke hukunci. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, namijin da yake zarya shagon wayoyi guda ba waya yake nema ba, in je in ga wace ce a bayan kanta. Ban so ba, amma na je. Na shirya ganin wata mai jan baki da fari da ido. Wa na tarar? Wani dattijo mai tumbi da gilashi a kan hanci, yana cin gyaɗa. Da na kwatanta ka sai ya washe baki, ya ce ai kafintan nan babban kwastomansa ne, mutum ne da ya san sauti, in gaya maka akwai wata mai azurfa tana hanya wadda take ƙara wa sarewa zaƙi. Na dube shi na ce a raina, Baba, kai dai kasuwarka ta buɗe. Na fito ina dariya ina jin kunyar kaina. Zargin farko ya mutu a nan, amma bai bar ni da sauƙi ba. Idan ba wata ba ce, to ni ce ka gaji da ni? Ka ji maganata sarai ka share, don ba ka murna da ita?

Sai na tuna karatun da ka biya mini. Kana shago na durƙusa a bayan kanta, na zare bakunan wayar daga amfilifaya, na sa ja a wurin fari, fari a wurin ja. E, na taɓa maka kayanka, kuma ba haƙuri nake ba ka ba. Na ce idan laifin waya ne, rashin ƙarfin zai bi ta ya koma dama. Idan kuma ba nata ba ne, Mai Kunne zai shigo, sarewa ta fito masa ta inda ba ta taɓa fitowa ba, ya ce wa ya shiga bayan kantata. Kai ne fa mutumin da yake ƙwanƙwasa katako ya ce akwai gara a ciki. Kai ne kake gane takun ƙafata a cikin na matan gidan sama gaba ɗaya.

Ka dawo, ka zauna, ka sa faifan. Sarewa ta fito ta dama, ɓaro-ɓaro. Na ƙura maka ido. Sai na ga fuskarka ta yi haske kamar ta yaron da aka mayar wa abin wasansa. Ka ce yauwa, ga ta nan ta dawo, dama sabuwar waya sai ta kwana biyu take sabawa da kaya. Can kuma ka ɓata rai, ka ce amma gangar ta yi sanyi, ka tashi ka sake durƙusawa a gaban sifikar hagu. Ba ka san an juya maka falo ba. Waya ta koma dama, ciwo ya tsaya a hagu.

A nan komai ya dawo mini daki-daki. Injin yankan katakon nan na shagonka, ta wane ɓangare yake maka ihu tun safe har yamma? Sau nawa na ce ka riƙa toshe kunne, ka ce kafintan da ba ya jin kukan zarto yatsunsa zai bari a kan tebur? Yaushe ka fara kara wayar hannu a kunnen dama, kai da kullum a hagu kake maƙale ta don ka rubuta awo? Yaushe ka fara zagayowa a titi kana sa ni a damanka, wai kana kare ni daga motoci? Da yadda kake kafe bakina da ido idan ina magana, ni sakarya ina ta jin daɗi, ina ƙara man leɓe, na ɗauka sabuwar soyayya ce ta motsa.

To ga zargina na ƙarshe, kuma shi ya fi sauran ciwo. Ina zargin ka sani. Ina zargin ka daɗe da sani, kana sayen wayoyin nan ne don kowacce tana ba ka 'yan kwanaki na cewa ba kai ba ne. Ka gwammace dattijon nan ya yi ta cika maka durowa da ka dube ni ka ce, ina jin tsoro. Me ka ɗauke ni, abin ƙaunata? Kana ganin kunne na aura? Da suna na so, ai masu suna sun zo. Ko kana tsoron ranar da abokanka za su daina ce maka Mai Kunne, ni ma in daina ganinka da gashi? Wallahi wannan ɓoyon ya fi yi mini zafi a kan shirun da ka yi mini ranar nan, don shirun ba da saninka ba ne, ɓoyon kuwa da saninka. Kuma duk da haka kewarka ta hana ni sakat. Yaya ta soya ƙwai in ji ƙamshin ya juya mini ciki, in ce da yana nan da ya ɗauke kaskon ya fita da shi. Na ga garin katako a bakin wani shago jiya, na tsaya kamar wadda ta ga ɗan'uwanta.

Ga roƙona, kuma da gwiwa biyu nake yinsa. Ka bar wayar azurfar nan a inda take. Ka zo ka ɗauke ni mu je wurin likitan kunne tare, ni zan riƙe maka hannu yadda ka sha riƙe nawa a kan bencin asibiti. Ban san abin da zai ce ba. Wataƙila abu ne mai magani, wataƙila sai dai a tsare wanda ya rage. Ko wanne ne, gara mu ji shi daga bakinsa. Idan ka koma gida yau, ka leƙa bayan kanta ka gani da idonka in ƙarya nake yi. Sannan ka ciro tsohuwar wayarmu daga ƙasan durowa ka mayar da ita, ba ta yi maka laifin komai ba. Ja dama, fari hagu.

Ka san dalilin da ya sa ban kira ka ba, na zauna ina ɓata takardun 'ya'yan Yaya? An ce gani ya kori ji. Na faɗa sau ɗaya a ƙofar da ta rufe, ba zan sake yin kasada ba. Wannan karon ta ido zan shigar da ita, in ga ta inda za ta ɓace.

Ina da ciki, maigidana. Likita ta tabbatar. Ka karanta, ka sake karantawa.

Sai ka fara duba katako mai laushi wanda ba ya tsage, ka yi gadon jaririn da kanka, amma da kunne a toshe, don akwai kukan da nake so ka ji, ko da kunne ɗaya ne. Zuciyarka kuwa ban yarda ƙofa ɗaya gare ta ba. Ka matsa mini a kujera, na canza wuri.

Taka har numfashin ƙarshe, wadda ba za ta gaji da maimaita maka magana ba,

Mai zaman hagunka a da, mai zaman damanka daga yau.