Shafukan da Ban Taɓa da Shuɗi Ba

Litinin, 4 ga Maris

Aimé ya kawo shafukan babin ƙarshe da kansa, a tsohuwar jakarsa ta kwali. Tun muna samari haka muke aiki: ni in rubuta labarin, shi ya zana, sannan in bi zanen da shuɗin fensir ina nuna abin gyara, domin shuɗi ba ya fitowa a bugu. Mu ne masu kamfanin, mu ne kuma ma'aikatansa. Wannan shi ne littafin ƙarshe na jarumin labaranmu Léonce, matuƙin jirgin dakon gawayi a kogin Meuse, kuma mai ɗab'i yana jiranmu kafin bikin Ista.

Sai da ya tafi na buɗe. Layin da a da yake ja da numfashi ɗaya, yanzu rawa yake yi. A gidan zane na uku na shafin farko, ban gane fuskar Léonce ba.

Talata, 5 ga Maris

Na fiƙe fensirin, na ajiye.

Alhamis, 7 ga Maris

Josiane, matarsa, ta tare ni a bakin shagon burodi. "Firmin, don Allah ka sassauta masa. Likita ya ce rawar hannunsa ba za ta tsaya ba. Cokali ma da hannu biyu yake riƙewa." Na ce to.

Asabar, 9 ga Maris

Na mayar masa da shafukan har gida, ban taɓa ko ɗaya da shuɗi ba. Ya riƙa ɗaga su wajen taga ɗaya bayan ɗaya, yana dubawa.

"Ina shuɗin?"

Na ce babu abin gyara.

"Kai? Kai da ka sa na yi ta sake kunnen jaki har na tsani jakuna?" Ya yi dariya, sai dariyar ta yanke. "Gawa ake yi wa irin wannan ladabi, tsoho."

Josiane ta shigo da kek ɗin shinkafa, babu wanda ya taɓa. Ya ɗaure jakar, da ƙyar ya kama igiyar, ya ce in nemi wani ya gama.

Na ɗauka jinƙai na yi. Shekara da shekaru yana zagin fensirin nan, ashe shi ne shaidarsa cewa ina sa ran zai iya.

Laraba, 13 ga Maris

Bai ɗauki waya ba. Josiane ta ce ya lulluɓe teburin zanen da mayafi.

Lahadi, 17 ga Maris

Mai ɗab'i ya haɗa ni da wata mai zane a birnin Namur, wadda ta iya kwaikwayon hannun kowa. Ta aiko da gwaji. Ya yi kyau ƙwarai, kuma abin da ya fi baƙanta mini rai ke nan. Léonce nata yana tsaye kyam, lafiyayye, kamar bai taɓa sanin Aimé ba. Idan na amince, littafi zai fita. Aimé kuwa ba zai ƙara taka matakalata ba, kuma da gaskiyarsa.

Talata, 19 ga Maris

Na sake karanta abin da na rubuta masa. Safiya ce mai haske, Léonce yana shigar da jirgi ƙarƙashin gada. Igiyoyi a miƙe, ƙarafan gada a jere, ruwa kwance kamar madubi. Wa na rubuta wa wannan? Mutumin da na sani da can, ba wanda nake shan kofi da shi ba. Na ga kofin yana zuba a hannunsa tun bara, na kau da kai.

Juma'a, 22 ga Maris

Na sauya babin. Yanzu hadari ne da iska, ruwan sama yana dukan jirgin, kogi yana tafasa, babu abu ɗaya da ya tsaya daidai. Labarin ne ya buƙaci haka. Dama waccan safiyar da na fara rubutawa ta cika tsabta. Na tura masa ta ƙarƙashin ƙofa, ban buga ƙararrawa ba.

Talata, 26 ga Maris

Ya kira da hantsi.

"Ranka ya daɗe, babban edita. Hadari daga farko har ƙarshe? Ba kai ne kake cewa ruwan sama dabarar malalata ce ba?"

Na ce na sauya ra'ayi.

"Ƙarya kake yi, ɗan banza."

Na zaci zai kashe wayar.

"Gida na biyar," in ji shi. "Surutun Léonce ya yi yawa, bai bar mini wurin taguwar ruwa ba. Rage shi."

A iya sanina, ban taɓa cire masa kalma ɗaya ba sai mun yi mako muna gaba. Duk tsawon maganar ina jin wayar tana bugun gilashin idonsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na tambaye shi layi nawa yake so in bari.