Madubin da Ya Leƙa Gidan Mama Liyatu

Ketaren Gwari, Minna
Afrilu, 1996

Zuwa ga Barira, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, tauraruwata mai riga kowa fitowa!

Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, da fatan kina lafiya. Ni kam ba lafiya ba. Raina a ɓace yake tun ranar da Babanki ya aiko cewa kada ƙafata ta sake taka ƙofar gidanku, kuma a dakatar da maganar sa mana rana. A kan me? A kan wani ƙarfe marar kunya da ake cewa wai yana da ƙwaƙwalwa!

Kin tuna yammacin da muke zance a dakalinku, kika nuna mini tauraruwa Zara, kika ce kullum ana kiranta matar wata amma ba ki taɓa ganin fuskar amaryar ba? Kika yi dariyar nan taki mai kashe mini jiki, ni kuwa baki ya kufce, na yi alkawarin nuna miki ita. Taƙamata madubin hangen taurarin nan mai kwamfuta, wanda Baturen injiniya ya bar wa direbansa, Yaya Alhassan, da ya gama aiki a Shiroro. Wai maɓalli kawai za ka danna, ya juya da kansa ya nemo maka tauraro. Dannawa kawai! Wanda ya faɗi haka bai taɓa kinkimar abin nan da batirin mota ya hau dutsen bayan gidanmu ba.

Ya masoyiyata, na ga ta kaina. Ya nemi kwanan wata, na ba shi. Ya nemi lokaci, na ba shi. Ya ce in saita shi da wasu taurari masu sunayen da ko a mafarki ban taɓa ji ba, ni da iyakata Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta. Na nuna masa wani mai haske na ce shi ne, don dai a wuce wurin. Sannan na ce ya nemo Zara, ga ta can ƙuru-ƙuru a yamma. Sai ya hau gurnani, ya juya, ya wuce ta ko kallo babu, ya sunkuyar da kai a hankali, ya tsaya cak a kan tsakar gidan maƙwabciyarmu Mama Liyatu, daidai lokacin da 'yan matan gidan ke jan ruwan wanka. Ni kuma, don tsabar wauta, na kafa ido a ciki in ga me ya samo. Ihun Mama Liyatu har tashar jirgi an ji shi. Kafin gari ya waye na zama malamin makarantar da ke leƙen 'ya'yan mutane da injin Bature.

Wallahi, Barira, bokiti kaɗai na gani, shi ma dishi-dishi! Wanda yake da ke a zuciya, me zai nema a tsakar gidan wani? Wanda ya ɗanɗani zuma, me zai yi da ruwan kanwa?

Sai da abokin aikina Irimiya, mai koyar da labarin ƙasa, ya duba, muka gano ciwon. Ashe Baturen bai taɓa fito da shi daga akwati ba a nan, don haka har yau abin gani yake yana can ƙasarsu mai sanyi, taurarin can yake nema. Ba wanda ya gaya masa ya zo Minna. Muka ɗauko taswirar makaranta muka shigar masa da lambobin da ke nuna inda garin nan yake a duniya, Irimiya ya koya mini taurarin saiti. Jiya da magariba ya juya ya tsaya a kan Zara. Na gan ta, 'yar ƙarama, kamar ɓarin wata an wanke shi da madara. Cikin murna na waiga in kira ki, babu kowa sai batiri.

Na ba Mama Liyatu haƙuri har ta yarda za ta zo ta gani da idonta. Saura Baba, shi kuwa magana ba za ta wanke ni a wurinsa ba. Don Allah, hasken raina, ki roƙi Inna ta lallashe shi ya fito ƙofar gida ran Juma'a bayan sallar magariba. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Gwada. In damina ta rufe sama, shaidata ta tafi, ke ma ina tsoron kin tafi. Zan kawo madubin a ka. In ya kuskura ya sake sunkuyawa, zan kama wuyansa da hannuna in ɗaga.

Baba ne zai fara dubawa, sai Mama Liyatu, sai ke. Ni ba zan sa ido a ciki ba. Zan tsaya gefe in kalli fuskarki lokacin da kika gan ta, in Baba ya yarje mini ko da wannan kallon ne.

Naki yau, naki gobe, ko sama ta buɗe ko ta rufe,
Munzali