Buhun Shinkafar Manaja

Daren Laraba, Nguru

Tun da na faɗa wa masu saye na ƙasar waje cewa kamfaninmu yana cakuɗa ƙaro mai kyau da na banza, ba mai cin kwano ɗaya da ni a sito. Da wannan algus ɗin ne fa ribarmu ta fi ta kamfanonin Sudan, Manaja yana ta tinƙaho!

Bai kore ni ba tukuna. Sai ma ya tafi garin Gashuwa gaishe da Babana, har da buhun shinkafa. Baba ya bugo waya: “Ɗan nan, janye maganarka, mutumin kirki ne.”

Na ce, “Baba, don Allah kada a kwance buhun nan.”

Gobe zan ɗauko shi in dire wa Manaja a ƙofar ofis. In ya so ya kore ni.