Birekar da Aka Cire

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya gajiya? Waya ba ta shiga a can inda kuke aiki, shi ya sa na ba direbanku wannan takarda.

Kada hankalinka ya tashi. Ranar Talata Umma ta shigo falona, ta ga gishiri ya bushe a bakin tankin kifayen tekun nan nawa. Ka san ta da goge-goge. Ta tsoma tsumma a ruwan, wutar lantarki ta ja ta, ta faɗi a kan hannunta ya karye. An ɗaure, tana gida, jiki da sauƙi.

'Yan uwa sun dame ni da tambaya, na ce musu matsalar wayarin ce. In ka dawo kada ka ja maganar, abin ya wuce.

Ka huta lafiya,
Yayanka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na dawo jiya na duba Umma. Rubutu na zaɓa, don in na kira ka bakina zai faɗi abin da bai kamata ƙane ya faɗa wa yayansa ba.

Matsalar wayarin, ko? Wa ya yi wayarin ɗin gidanka? Kowa a dangi ya san ni ne. Na miƙa hannu zan gyara wa Umma matashi, ta ce, "Bar shi kawai, Auta." Ko kallona ba ta yi ba.

Daga nan na wuce gidanka, matarka Anti ta buɗe min. Ni layi na musamman na ja wa tankin nan. Na kafa soket a sama inda ruwa ba ya kaiwa, na sa bireka mai katse wuta da zarar ta zurara cikin ruwa. Yanzu babu birekar, an haɗe wajen da guntuwar waya. Na leƙa bayan tanki, sai ga injin sanyaya ruwa da ƙarin hita da fitilu duk an cusa su a jona ɗaya mai ramukan filogi da yawa, a ƙasa, gishiri ya yi mata fari fat, filogi har ya fara narkewa. Hitar kuwa gilashinta ya tsage.

Na sha gaya maka ruwan gishiri ya fi na famfo ɗaukar wuta, kuma layi yana da iyakar lodin da zai ɗauka. Ka ce na cika wa'azi. To wa ya cire birekar, Yaya? Kuma don me ka shafa min kashin kaji a gaban uwarmu?

Wassalam,
Auta

*

Auta na,

Na gaishe ka. Don Allah ka sassauta, ka saurare ni.

Birekar nan ta addabe ni. Motsi kaɗan ta faɗi. Rannan na dawo daga aiki na tarar injin tura ruwa a tsaye, kifina mai ruwan ɗorawa ya juya ciki sama. Mai kiwon kifin teku ba abin da yake tsoro kamar ruwa ya daina motsi. Sai na sa wani ya zagaye ta kafin ka dawo. Wallahi ban taɓa zaton Umma za ta taɓa ruwan ba.

Ban ambaci sunanka ba, su ne suka ɗauka haka, ni kuma na yi shiru. In Umma ta ji gaskiya tankin nan ba zai kwana a gidan ba, wahalar shekaru ta tafi a banza. Kai auta ne, fushinta da kai ba ya daɗewa. Ka rufa min asiri.

Naka har kullum,
Yayanka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na mayar da birekar, na raba lodin, na yar da hitar. Saboda yaranka na yi.

Ban faɗa wa Umma komai ba. Yau ina zaune a ɗakinta fankarta ta tsaya. Na tashi zan ɗauko jakar aikina, sai ta kira maƙwabciya ta taga, ta ce, "Ki taimaka ki nemo min mai gyaran wuta."

Na zauna har ya zo. Ni na riƙe masa tsani.

A gai da kifaye.
Auta