Tsakanin labari na uku da na huɗu

Auta,

Na fita aiki kina barci. Ɗazu na saurari muryar mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ina bin jerin lokutan da kika tsara don raba labaranta kashi-kashi a faifai. Kin yi ƙoƙari. Sai dai tsakanin labari na uku da na huɗu kin sa a yanke wani wuri, kin rubuta "hayaniya". Ƙarar ƙofa ce, ni na shigo, ta dakata ta ce, "Malam, shayinka ya huce," ta yi dariya. Ina roƙonki ki mayar da shi kafin ki ɗora a faifan. Sauran duk naku ne da jikoki. Nan kaɗai take magana da ni.

Babanki