Tambayar da Kake Yi wa Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa wa aikinka albarka. Mu nan mun gode Allah. Yara suna makaranta, ƙafar Kawu ma ta yi sauƙi har ya koma yi mana faɗa.

Maganar Inna ce ta sa na rubuto, don a waya ba dama, kunnenta na kusa. Sakamakon hoton da aka yi mata a asibiti ya fito. Likita ya zaunar da ni da Auta, ya ce ciwon dajin da ke cikinta ya kai mataki na huɗu, wato ya bar inda ya fara har ya kama hanta. Tiyata ba za ta ƙara mata komai ba sai wahala. Abin da ya rage shi ne a rage mata raɗaɗi, a riƙa juya ta kada bayanta ya yi gyambo, a jiƙa mata leɓe. Na tambaye shi saura yaushe, ya ce sanin na Allah ne, amma wanda yake nesa gara ya taho.

Ya kuma hana a matsa mata da abinci, domin ƙarin da ya tsiro a cikinta ya kusa toshe hanyar. Yaya, a nan ka shigo. Kullum ka kira, tambayarka ta farko ita ce ko ta ci abinci. Ka san Inna, ba ta ƙarya, kuma ba ta son hankalinka ya tashi. Da lokacin kiranka ya matso sai ta ce in miƙo kwano, ta runtse ido ta yi ta turawa, don kawai ta samu bakin ce maka ta ci. Kana ajiye waya sai amai, ina riƙe da goshinta, jikinta na ɓari. Jiya har da jini. Na roƙe ta ta bari, ta ce ba za ta bar ɗanta ya kwana da damuwa a ƙasar mutane ba, ta kuma hana ni gaya maka.

Don Allah ka daina tambayar nan. Ka ba ta labarin jikokinta, ka tsokane ta kamar dā. Sannan ka nemi hutu ka taho, kada ka jira a kira ka.

Kawu da Auta suna gaishe ka. Ka gaida matarka da yara. Tsoro nake ji, Yaya. Ban san sau nawa za ta sake ci dominka kafin takardar nan ta iso hannunka ba.

Ƙanwarka.