Shu'aibu da Chaibou Mutum Ɗaya Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwaleji,
da Mambobin Kwamitin Wasanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatanka. Ni ce Rashida, daga garin Illela, matar mutumin da ya riƙe ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kwalejinku a matsayin babban koci na riƙon ƙwarya, har zuwa lokacin da kwamitinku ya sauke shi bayan Babbar Sallar da ta wuce. Ban ambaci sunan kwalejin ba, don ba tozarta kowa na zo yi ba. Na fito da maganar fili ne saboda koken da maigidana ya kai ofishinku da hannunsa ba a amsa shi ba. Da na nemi izininsa bai hana ni ba. Cewa kawai ya yi in rubuta in hakan zai sa in ji sanyi, amma kada in zauna jiran amsa.

Ka yi mini uzuri in na kauce wa tsarin rubutun ofis. Sakandare na gama, kuma abin da na fi karantawa shi ne littattafan Hausa, na waya da waɗanda nake aro wurin ƙawaye. A cikinsu na saba ganin in aka zalunci mutum a farkon labari, kafin shafin ƙarshe wani babba zai gano gaskiya ya sa a kira shi. Na jira a kira maigidana har na gaji.

1. Hanyar da ya biyo

A da, maigidana ɗan wasan baya ne a ƙungiyar unguwarsu. Har an fara maganar kai shi Sakkwato gwaji, sai gwiwarsa ta goce a wani wasa da 'yan Amarawa, tun daga ranar bai ƙara buga gasa ba. Bai bar filin ba. Ya koma ɗaukar wa ƙungiya ƙwallaye da jarkar ruwa, daga nan ya fara horar da yaran firamare da yamma, sannan wata sakandare ta ɗauke shi. A can tsohon kocinku ya gan shi, ya jawo shi ya zama mataimakinsa. Da tsohon ya yi ritaya, aka ce maigidana ya riƙe kafin a naɗa na dindindin. Riƙon ya kai shekara huɗu.

A cikin shekarun nan aka yi aurenmu. Ban taɓa zuwa kallon wasa ba, amma na san ƙungiyarku ta bayan gida. Rigunan 'yan wasanku a igiyar tsakar gidanmu suke bushewa. Na san riga mai lamba tara ce ta fi yagewa a hammata, don ni ke ɗinke ta. In an ci ku, tun daga yadda ya jingine babur a zaure nake ganewa, in rage tuwo. Kofin da ke ofishinka, wanda aka ce da shi ake yi wa baƙi nuni, a lokacinsa aka ciyo shi.

2. Kwas ɗin da ya yi

Tun yana mataimaki aka shaida masa cewa ba a naɗa babban koci sai mai takardar kwas ɗin horarwa. Inda ake yin kwas ɗin a ƙasarmu da nisa, ga mahaifiyarsa kwance ba lafiya a lokacin. Sai ya ji za a yi irinsa a Tawa, cikin Nijar. Ranka shi daɗe, ga ɗan Illela wannan ba fita ƙasar waje ba ce. Kawunnansa suna Birnin Ƙonni, can muke zuwa suna da ta'aziyya mu dawo kafin la'asar. Ya tambayi tsohon kocinku, ya ce ya je, ƙwallo ɗaya ce ko'ina. Ya je ya yi, ya ci jarrabawa, aka ba shi takarda da hatimi.

3. Sunan

A nan ne dole in yi abin da ban taɓa yi ba. Tun da aka kawo ni gidansa bakina bai taɓa furta sunansa ba. Koci nake ce masa kamar kowa, ko a asibiti in an tambaye ni sai in miƙa kati. Yau ga ni zan rubuta shi inda duniya za ta gani, Allah ya sa iyayena su gafarce ni.

Sunan maigidana Shu'aibu Usman. A takardar Tawa an rubuta Chaibou Ousmane.

Ba wani ba ne, shi ne. Magatakardan can ya tambaye shi suna, ya faɗa, shi kuma ya rubuta da haruffan Faransanci kamar yadda aka koya masa a makaranta. Ku sa wani ɗan Nijar ya karanta muku shi da ƙarfi, za ku ji abin da aka raɗa masa ranar suna. Kowa a garin nan sunansa biyu a rubuce. Ni kaina a katin awon ciki na Ƙonni Rachida nake, ba a taɓa cewa cikin wata na kai musu ba.

Amma da aka zo tantancewa don naɗa koci na dindindin, kwamitinku ya ajiye takardar kusa da ta haihuwarsa ya ce sunayen ba su zo ɗaya ba. Wani daga cikin mambobin, in ji maigidana, ya tambaye shi cikin raha ko wannan Chaibou ɗin ya san an aro takardarsa. Aka yi dariya. Shi ma ya yi, yana tsammanin wasa ne. Bayan mako biyu aka ba shi sanarwar cewa an cire shi daga masu nema, an kuma karɓe riƙon, saboda ana zargin takardarsa jabu ce.

Ni kuwa a ranar tantancewar na riga na karɓo ɗinkin da zan sa ran naɗi. Na yi lalle. Har na gama tsara yadda za ta kasance nan gaba: shi a tsaye bakin fili da kwat, ana nuno shi a talabijin, ni a gida ina ce wa maƙwabta su zo su gani. Kayan suna ƙasan akwati, ban taɓa sa su ba.

4. Abin da ya yi don ya wanke kansa

Ya je kotu ya yi rantsuwa cewa sunayen biyu nasa ne, ya kawo takardar. Aka ce ba ta isa ba, sai wasiƙa daga waɗanda suka ba da takardar kwas. Ya nemi a kira tsohon kocinku ya ba da shaida, aka ce ya yi ritaya, bakinsa ba ya cikin kwamiti. Ga zirga-zirga ta yi wuya a iyaka a lokacin, sai da ya bi ta hanyar gonaki a bayan babur, da wannan gwiwar tasa, ya kai Tawa. Mutanen can sun karɓe shi hannu biyu, sun tuna shi, sun rubuta masa wasiƙa mai kyau cewa lalle ya yi kwas a wurinsu kuma yana cikin na gaba-gaba. Ya dawo da murna, ya kai muku.

Ranka shi daɗe, a cikin wasiƙar ma Chaibou Ousmane suka rubuta. To mi za su rubuta? Haka suka iya rubuta shi. Kwamitinku ya ce wasiƙar ta tabbatar da cewa Chaibou ya yi kwas, amma ba ta ce komai a kan Shu'aibu ba.

Daga nan ya daina zuwa.

5. Halin da muke ciki

An naɗa sabon koci. Ba ni da magana a kansa, abincinsa ne Allah ya kai shi. Abin da ke cin raina kalmar nan ce ta jabu da ke cikin fayil ɗin maigidana. Wata makarantar kuɗi ta so ɗaukarsa, da suka bincika a wurinku suka ji dalilin saukewar, sai suka fasa. Sakandaren da ya baro ma ta ce ya dakata sai maganar ta lafa. Shekarunsa sun wuce na komawa wani kwas daga farko, kuma ko ya koma, wa zai yarda da wanda aka ce ya taɓa kawo takardar wani?

Yanzu yayansa ya sa shi kabu-kabu, yana ɗaukar fasinja daga tasha zuwa bakin iyaka. Sana'a ce ta halal, ban raina ta ba. Amma ɗalibanku 'yan garin nan in sun zo hutu sukan gan shi a tasha. Wasu su gaishe shi da Koci har da rusunawa, wasu su juya baya su hau babur ɗin wani don kada ya ji nauyi. Ya ce mini na biyun sun fi yi masa adalci. Ya daina kallon wasa. In ya ji yara na buga ƙwallo a lungu, sai ya canza hanya.

Ni ma na ajiye karatun littattafan. Na buɗe ɗaya kwanan baya, da na ga an fara zaluntar mutumin kirki sai na rufe, don na san ƙarya za a yi mini a ƙarshe.

Buƙatuna

Na farko, ba na roƙon a mayar masa da kujerar. Na san an wuce wurin, kuma ba na son a raba wani da abincinsa.

Na biyu, ina roƙon ka sa a nemo mutum ɗaya mai jin Faransanci, ko a cikin malamanku ne, ya karanta sunan nan da baki a gaban kwamiti. Ba zai ɗauki lokacin shan shayi ba.

Na uku, in kun ji da kunnenku, a cire kalmar jabu daga fayil ɗinsa, a ba shi layi biyu da hatimin kwaleji cewa ya bar aiki ba tare da laifi ba. Cikin da nake ɗauke da shi ya tsufa. Yaron nan, ko yarinyar, da sunan ubansa za a rubuta shi a makaranta, ina son sunan ya zama wanda ba a yi wa tabo ba.

Ban sa rai za a yi ko ɗaya ba. Na dai rubuta don kada wata rana a ce ba wanda ya faɗa muku.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka, ya ba ƙungiyarku nasara a gasar da ke tafe, domin har yanzu yaran maigidana ne. Allah ya tsare ka da zuriyarka daga ranar da za ku tsaya gaban mutane kuna rantsuwa cewa ku ne ku, ana dariya.

Wassalam.

Rashida, matar Koci,
Illela.